Kamfani ya rushe, tabon bashi bai goge ba

A ranar 3 ga watan Agustan 2009 ne jami'an gwamnatin tarayyar Amurka suka dira a hedikwatar kamfanin Taylor, Bean & Whitaker da ke garin Ocala a jihar Florida, ɗauke da sammacin bincike.

Kwana biyu bayan haka kamfanin ya daina aiki, kuma kafin watan ya ƙare ya bayyana a gaban kotu cewa ya karye. A 2011 aka yanke wa shugabansa, Lee Farkas, hukuncin ɗaurin shekara 30 saboda zambar kusan dala biliyan uku, wadda ta taimaka wajen durƙusar da bankin Colonial na jihar Alabama.

To sai dai akwai wasu mutanen da ba a cika jin labarinsu ba. Basussukan sayen gida kimanin rabin miliyan ne ake biya ta hannun kamfanin a kowane wata. Da aka rufe asusunsa na banki, sai kuɗin da wasu suka riga suka aika ya maƙale a tsakani, yayin da aka rarraba basussukan ga wasu kamfanoni da ba su san abin da aka biya da abin da ba a biya ba.

A Amurka, irin wannan rikici ba ya tsayawa tsakanin mai bashi da wanda ake bi. Yakan shiga kundin tarihin bashin mutum, ya zauna har tsawon shekara bakwai.

Menene wannan kundi?

Manyan kamfanoni uku ne masu zaman kansu, wato Equifax da Experian da TransUnion, ke tattara bayanai kan yadda kusan duk wani baligi a ƙasar ke biyan abin da ake bin sa. Bankuna da kamfanonin katin bashi da masu karɓar biyan bashin gida ko na karatu su ne ke aika musu da bayanan, galibi sau ɗaya a wata.

Daga waɗannan bayanai ake fitar da maki. Wanda aka fi sani shi ne na FICO, da aka fara amfani da shi a 1989, wanda ke kamawa daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ne a kan abu guda: ko mutum na biya a kan lokaci.

Saboda haka layi ɗaya da ke cewa wane ya yi jinkirin kwana 30 ko 60 ko 90 na iya sa a hana shi rancen mota, ko a ba shi da kuɗin ruwa mai tsada. Masu gidajen haya na duba kundin kafin su ba da makulli. A jihohi da dama kamfanonin inshora na amfani da shi wajen yanke farashi, wasu ma'aikatu kuma na dubawa, da izinin mai neman aiki. Ko wanda ya ƙaurace wa cin bashi da ruwa saboda addininsa ba ya tsira daga wannan bincike, domin hatta kamfanonin da ke sayar da gidaje bisa tsarin Musulunci a Amurka na neman ganin kundin.

Kuma kuskure ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Wani nazari da hukumar kula da harkokin cinikayya ta tarayya, FTC, ta fitar a farkon 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar na da kuskure a aƙalla ɗaya daga cikin kundayensa uku, kuma ga kashi biyar cikin ɗari kuskuren ya kai girman da zai iya sa su biya kuɗin ruwa fiye da wanda ya kamata.

Mai karɓa daban, mai kuɗi daban

Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne, kamfanin da suke aika wa kuɗi a ƙarshen wata sau da yawa ba shi ne mai bashin ba. Wakili ne kawai, kamar yadda mai gida kan naɗa wani ya riƙa karɓar masa kuɗin haya.

Aikin wakilin shi ne karɓar kuɗi, da ajiye lissafi, da aika takardu, da kuma sanar da kamfanonin nan uku ko an biya ko ba a biya ba. Ainihin mai bashin kuwa zai iya kasancewa Fannie Mae ko Freddie Mac, manyan cibiyoyin nan biyu da ke sayen basussukan gidaje, ko wasu masu zuba jari, ko kuma ma'aikatar ilimi ta ƙasar idan bashin karatu ne.

Wannan na nufin mutuwar wakili ba ta kashe bashi. Wani ne zai gaji aikin, tare da takardun da aka bari, ko da kuwa a hargitse suke.

Ita kanta mutuwar ba iri ɗaya ba ce. Wasu kamfanonin haɗiye su aka yi, kamar Countrywide da Bank of America ya saya a 2008. Wasu bankuna ne da hukumar inshorar ajiyar kuɗi ta FDIC ta karɓe, kamar IndyMac a watan Yulin 2008 da Washington Mutual a watan Satumbar shekarar, wanda aka miƙa wa JPMorgan Chase. Kamfanin Green Tree, wanda hukumomi suka tilasta wa biyan dala miliyan 63 a 2015 saboda musguna wa masu biyan bashin gida, ya koma amsa sunan Ditech, shi kuma Ditech ya shiga kotun fatara a 2019 aka sayar da kadarorinsa.

Ɗaya daga cikin laifukan da aka tuhumi Green Tree da su shi ne ƙin mutunta sassaucin biya da mutane suka riga suka daidaita da kamfanonin da suka gabace shi. Mutum na biyan abin da aka amince, sabon wakili na ɗaukarsa a matsayin wanda ya gaza.

A fannin bashin karatu kuwa, ficewa aka yi ta yi. A 2021 FedLoan Servicing da Navient da Granite State suka sanar da barin aikin kula da basussukan gwamnatin tarayya, aka kwashe asusun miliyoyin mutane zuwa wasu kamfanoni irin su MOHELA da Aidvantage. Kafin nan, kamfanin da aka sani da ACS, wanda daga baya ya zama Conduent, ya naɗe tabarmarsa bayan shekaru yana barin lissafin basussuka ba tare da gyara ba, abin da ya jawo masa tarar dala miliyan 3.9 a 2019.

A lokacin irin wannan kwashe-kwashe ne akasarin kurakuran ke faruwa. Biyan wata guda ya ɓace a hanya. Bashi ɗaya ya bayyana sau biyu, ƙarƙashin tsohon suna da sabo, kowanne da nasa ragowar kuɗi. Ko kuma tsohon asusun, wanda ya kamata a nuna an mayar da shi wani wuri kuma babu ko sisi a kansa, ya ci gaba da nuna jinkiri a watannin da kamfanin ma ba ya raye.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ke kula da wannan fanni ita ce Fair Credit Reporting Act, ko FCRA a taƙaice, wadda majalisar dokokin Amurka ta zartar a 1970 aka kuma yi mata manyan gyare-gyare a 1996 da 2003.

Bisa dokar, idan mutum ya ƙalubalanci wani bayani a kundinsa, wajibi ne kamfanin da ke riƙe da kundin ya yi bincike cikin kwana 30, ko 45 a wasu lokuta, misali idan mai ƙorafin ya ƙaro takardu ana tsakiyar binciken. Cikin kwanakin aiki biyar da samun ƙorafin, dole ya sanar da wanda ya kawo bayanin tun farko.

Ga inda maganar rusasshen kamfani ta shigo. Dokar ta ce a goge ko a gyara bayanin idan an gano ba daidai ba ne, ko bai cika ba, ko kuma ba a iya tabbatar da shi ba. Wannan na ukun shi ne mafi muhimmanci a nan. Idan babu wanda zai amsa wasiƙar bincike saboda ofishin ya zama kango, to bayanin ba shi da mai tsaya masa, kuma bai kamata ya ci gaba da zama a kundin ba.

Amma a nan ne kuma ake yawan ruɗin mutane. Rushewar kamfani ita kaɗai ba hujjar goge komai ba ce. Idan da gaske mutum ya yi jinkirin biya, kuma magajin kamfanin na riƙe da takardun da ke nuna haka, zai iya tabbatarwa, bayanin kuma ya zauna har wa'adinsa ya cika. Haka kuma goge layi daga kundi ba yafe bashi ba ne. Wanda ake bi, ana nan ana bin sa.

Wa'adin dai shekara bakwai ne ga yawancin munanan bayanai, fatara kuma tana iya kai wa goma. Idan bashi ne da aka miƙa wa masu karɓo bashi, ana fara lissafi ne daga jinkirin farko da ya kai ga hakan, ba daga ranar da wani sabon kamfani ya sayi bashin ba. Sauya wannan rana domin tsawaita zaman tabon ya saɓa wa doka, kuma ya kamata duk wanda bashinsa ya bi ta hannu biyu ko uku ya duba ta da kyau.

Ga masu bashin gida akwai ƙarin kariya a wata dokar ta daban mai suna RESPA. Tsohon wakili zai sanar da mutum aƙalla kwana 15 kafin a mayar da bashinsa, sabon kuma cikin kwana 15 bayan haka. Sannan a kwana 60 na farko, idan mutum ya aika kuɗinsa ga tsohon kamfanin a kan lokaci, ba a yarda a ɗauke shi a matsayin wanda ya makara ba.

Ta ina ake farawa?

Da ganin kundin kansa, kuma dukkan ukun, domin abin da ke cikin na Equifax ba lallai ne ya kasance cikin na TransUnion ba. Gyaran dokar na 2003 ya bai wa kowa damar karɓar kundinsa kyauta sau ɗaya a shekara ta shafin intanet na AnnualCreditReport.com. A lokacin annobar korona a 2020 kamfanonin suka mayar da shi sau ɗaya a mako, kuma a 2023 suka ce hakan ya zama na dindindin.

Daga nan sai neman magaji. Fannie Mae da Freddie Mac na da shafukan da mutum zai duba ko su ne masu bashin gidansa. Idan banki ne ya rushe, FDIC na da jerin bankunan da suka durƙushe da waɗanda suka karɓe su. Idan bashin karatu ne na gwamnatin tarayya, shafin ma'aikatar ilimi na StudentAid.gov na nuna kamfanin da ke riƙe da shi a yanzu, kuma ma'aikatar na da ofishin sauraron koke.

Sai hujja, wadda ita ce ke wahalar da mutane, domin shafin intanet na tsohon kamfanin yakan rufe tare da shi, duk rasit ɗin da ke ciki ya tafi. Abin da kan ceci mutum shi ne bayanan asusunsa na banki, waɗanda ke nuna ranar da kuɗi ya fita da wanda ya karɓa, da wasiƙar sanar da sauyin wakili, da duk wata yarjejeniyar sassauci da aka sa wa hannu. Wanda aka sanar da shi cewa za a mayar da bashinsa wani kamfani, gara ya kwafe dukkan tarihin biyansa tun ƙofa na buɗe.

Ana iya shigar da ƙorafi ta intanet ko ta waya, amma lauyoyin da ke wannan aiki sun fi son wasiƙar rajista, wadda ke dawo da shaidar an karɓa. Wasiƙar ba ta bukatar tsawo. Ta faɗi lambar asusun, da watan da ake magana a kai, da abin da ba daidai ba, da abin da ake so a yi, a haɗa da kwafin takardu, a ajiye na ainihi a gida. Yana da kyau a ambaci cewa kamfanin da ya kawo bayanin ya daina aiki, da shekarar da ya daina.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne yadda ake gudanar da binciken. Kamfanonin uku na amfani da wani tsarin kwamfuta na haɗin gwiwa mai suna e-OSCAR, inda akan taƙaita ƙorafin mutum zuwa wata 'yar lamba a aika wa wanda ya kawo bayanin. An daɗe ana sukar cewa a ɗaya ɓangaren ma kwamfuta ce kan duba ta ga abin da ke rubuce ya yi daidai da abin da aka aika tun farko, sai ta ce an tabbatar. Wato kuskure ya zama shaidar kansa. A watan Janairun 2025 hukumar kare jama'a a harkokin kuɗi, CFPB, ta ci Equifax tarar dala miliyan 15 saboda rashin gudanar da binciken ƙorafe-ƙorafe yadda ya kamata.

Akwai kuma wani dalilin na shari'a da ya sa bai kamata a tsallake kamfanonin uku ba. Mutum na iya rubuta wa magajin kai tsaye, kuma yana da amfani ya yi hakan. Amma a fassarar kotunan Amurka, ba zai iya kai ƙarar wanda ya kawo bayanin a ƙarƙashin wannan doka ba sai idan ƙorafinsa ya bi ta hannun Equifax ko Experian ko TransUnion tukuna.

Idan amsa ta dawo cewa an tabbatar

Tambayar da ya kamata a yi ita ce: wa ya tabbatar? Dokar ta bai wa mutum ikon neman bayanin yadda aka yi binciken, tare da suna da adireshin wanda aka tuntuɓa, kuma a ba shi amsa cikin kwana 15. Idan sunan da aka bayar na kamfanin da ya rufe shekaru da suka wuce ne, to mai ƙorafi ya samu abin riƙewa. Idan kuwa sunan wani magaji ne da bai sani ba, ya samu inda zai aika takardunsa.

Ana iya sake shigar da ƙorafi, amma sai da sabuwar hujja, domin kamfanin na da ikon yin watsi da wanda ya ga maimaici ne kawai. Idan kuma an goge bayani, ba a yarda a dawo da shi ba sai wanda ya kawo shi ya ba da tabbacin cewa daidai ne, kuma a sanar da mai kundin a rubuce cikin kwanakin aiki biyar.

Bayan wannan sai kai kuka ga hukuma. CFPB, wadda aka kafa bayan rikicin tattalin arzikin 2008 ta kuma fara aiki a 2011, ta buɗe hanyar karɓar koke tana miƙa wa kamfanoni domin su amsa. Sai dai a 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta yi yunƙurin sallamar akasarin ma'aikatan hukumar, lamarin da ya kai ga shari'a. Ofisoshin manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi su ma na karɓar irin wannan koke.

Matakin ƙarshe shi ne kotu. Ana shigar da ƙara cikin shekara biyu da gano an saɓa dokar, kuma kada ta wuce shekara biyar da aikata laifin. Wanda ya yi nasara na iya samun diyyar asarar da ya yi da kuɗin lauya, shi ya sa wasu lauyoyin kan karɓi irin wannan shari'a ba tare da neman kuɗi tun farko ba. A 2013 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Oregon sun ba wata mata diyyar dala miliyan 18.6 a kan Equifax, bayan ta shafe kimanin shekara biyu tana rubuta wasiƙu domin a raba kundinta da na wata mai irin sunanta. Daga baya alƙali ya rage kuɗin zuwa ƙasa da dala miliyan biyu.

Wanda bai kai ga kotu ba yana da damar sanya gajeren bayani, na kimanin kalmomi 100, a cikin kundinsa yana faɗin nasa ɓangaren. Gaskiyar magana ita ce wannan ba ya ƙara maki ko ɗaya, sai dai ya yi amfani idan ɗan Adam ne ya karanta kundin, kamar jami'in da ke duba takardun neman bashin gida.

Masu cewa za su wanke kundi

Duk inda aka samu mutane cikin damuwa, ba a rasa masu neman cin kasuwa. Akwai kamfanoni da ke tallan cewa za su goge kowane irin tabo idan an biya su. Abin da suke yi bai wuce aika wasiƙun da mutum zai iya aikawa da kansa kyauta ba, kuma wata doka ta 1996 ta haramta musu karɓar kuɗi kafin su yi aikin.

A 2023 aka yanke wa kamfanonin da ke bayan Lexington Law da CreditRepair.com, waɗanda ke cikin mafiya girma a wannan sana'a, hukuncin biyan dala biliyan 2.7 saboda karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. A ƙarshen 2024 CFPB ta fara rarraba dala biliyan 1.8 ga mutane miliyan 4.3 da abin ya shafa.

A Najeriya ma an fara shiga wannan tsari. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta bai wa mutum ikon ganin bayanansa da ƙalubalantar abin da ba daidai ba a wurin kamfanonin da Babban Bankin ƙasar ya ba lasisi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Lokacin da Babban Bankin ya soke lasisin bankin Heritage a ranar 3 ga watan Yunin 2024, hukumar inshorar ajiyar kuɗi ta NDIC ce aka ɗora wa alhakin tattara kadarorinsa, ciki har da basussukan da yake bin mutane, kuma ita ce ta bukaci waɗanda ake bi su ci gaba da biya.